Wayar da Na Buga Kano

Shekarata goma sha ɗaya a Guangzhou lokacin da 'yar ƙanena ta zo karatun harhaɗa magunguna, ita da mijinta, shi ma ɗalibi. Kafin zuwanta ba ni da jini ko ɗaya a garin nan. Abokan kasuwa dai ga su nan, Kanawa da 'yan Zango na Ghana da mutanen Nijar, a gaisa a kasuwar Zhanxi, a taya juna rigima da masu shago, kowa ya kama gabansa. Ni takalman mata nake saye ina turawa Kano. Da yamma in hau bene hawa na bakwai, in turo ƙofa, in ci abincina ni kaɗai ina kallon bango.

Da ta zo sai na zama mutum. Duk Juma'a in mun fito daga Masallacin Huaisheng sai ta biyo ni gida, in tuƙa tuwon shinkafa, ta baje a ƙasa tana tsokanata, wai shekara goma sha ɗaya amma Sinancina bai wuce "meyo" ba, wato babu. In ce mata, "Ja'ira, da meyon nan na riƙe kaina tun kina firamare."

Wata Juma'a ta ture kwanon, ta ce warin daddawa yana tayar mata da zuciya. Kallo ɗaya na yi mata na gane. Aure biyu na yi, shekara goma sha tara, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, amma mai ciki ba ta ɓoye mini. Har na kama hanci zan rangaɗa guɗa, ta riƙe hannuna.

"Gwaggo, don Allah ki bari. Cire shi za a yi."

Ta zayyano mini dalilanta tiryan-tiryan, ka ji wadda ta daɗe tana shirya magana. Ɗanta na fari watansa goma, yana Kano wajen mahaifiyarta, kuma aiki aka yi mata aka ciro shi. Saura shekara biyu ta gama karatu, in ta tsaya haihuwa tallafin karatun da ake ba ta ya tafi. Sun yi shawara da mijin, ya yarda. Asibiti sun ba ta ranar Talata. Abin da take nema a wajena bai da yawa: in raka ta, don mijin yana da jarrabawa, ita kuma ba ta son ta farka ba kowa a gefenta.

Na ce, "Innalillahi! Ni kike so in riƙe miki jaka a kashe rai?"

Ta ce, "Gwaggo, bai kai kwana arba'in ba. Akwai malaman da suka ba da dama."

"Su je su ji da kansu! Ni ban san wani lissafin kwanaki ba. Abin da Allah Ya ajiye a ciki, mutum ne."

Mu a gidanmu ba a cewa ciki ya zo ba a shirya ba. Ni ce ta tara a ɗakinmu, mahaifiyata ta samu cikina da goyon wata biyar a bayanta. Ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwar babanmu, ita ta riƙe ni har ta aurar da ni, ba wanda ya yi zaman shawara a kai. Ciki na dangi ne, in uwa ta gaza akwai wasu hannuwan. Da an yi irin tunanin yaran yanzu, da ba ni a duniya, da ba ubanta ma da ya zo bayana. Duk na faɗa mata haka. Sannan na ce, "Ki haife shi ki ba ni. Wallahi ko tsummansa ba za ki wanke ba."

Ta ce, "Wata tara a jikina zai yi, Gwaggo, ba a naki ba. Ni za a sake sa wa wuƙa." Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa. "Amana na ba ki. Ko Umma ba ta sani ba."

Ranar Asabar na tsinci kaina a kasuwar Canaan, inda ba ni da harkar komai, tsaye gaban shagon kayan jarirai. Ba sa sayar da ɗaya, sai dozin. Na ɗauki dozin. Mai shagon ta nuna cikina tana dariya, ni ma na yi dariya kamar sakara. Lahadi na yini da waya a cinya. Litinin na jira har azahar, lokacin da na san ƙanena ya dawo daga masallacin asuba a can Kano, na buga masa.

Ya ce, "Yaya, lafiya da sassafen nan?"

Na faɗa masa komai, ban rage ko ɗaya ba.

Kafin la'asar uwarta ta kira ta, surukinta ya kira ɗansa, kawunnai sun shiga maganar. Talata ba a je asibiti ba. Ƙanena ya ce tunda ƙasar nan ta fara koya mata wannan, ta tattaro ta dawo gida, karatun ya isa haka. Ni ban ce a raba ta da karatu ba, Allah shaida ne. Amma wa ya tambaye ni? Saƙo ɗaya ta turo mini: "Ke kaɗai na faɗa wa." Ba ta zo sallama ba. A bakin wani ɗan Zango mai tura kaya na ji ta tafi, ya ce ta kawo masa kwali biyu na littattafai ya kai mata Kano.

Mace ta haifa. Aikin ya zo da wahala, ta yi sati biyu a gadon asibiti, amma ta tashi. Ba su ba ni yarinyar ba, ni ma ban yi gigin tambaya ba. Kayan jariran na cusa su cikin lodin takalma, ban sani ba ko an sa mata.

Har gobe ina nan a kan bakana, rai ba abin wasa ba ne, kuma da yau ne zan sake buga wayar. Sai dai na sha tambayar kaina, don Allah na yi, ko don bayana da bai taɓa goyo ba? Ban samu amsar da ta kwantar mini da hankali ba. Manyan 'yan kasuwa da suka ji labari sun yi ta sa mini albarka, wai na ceci rai. Albarkar ba ta zama ta ci tuwo da ni. Ɗalibai mata kuwa daga nesa suke gaishe ni yanzu, ko ciwon kai ba mai gaya mini. Kaɗaici ya dawo, ya fi na da ciwo, don yanzu na san yadda ɗakin yake in da mutum a ciki.

Sallar da ta wuce, da na san sun dawo daga idi a can Kano, na kira ƙanena ta bidiyo mu yi barka da Sallah. Muna cikin magana sai ga wata 'yar ƙwalisa ta haye cinyarsa, an yi mata lalle da kitso, shekararta uku. Goshin gidanmu ne sak. Ta dangwala yatsa a fuskata a jikin wayar.

"Kaka, wace ce wannan?"

Ƙanena ya buɗe baki zai amsa, sai murya ta fito daga bayansa, muryar da rabon da in ji ta tun ranar Juma'ar nan.

"Wata ce a China. Zo ki sa ɗankwalinki."

Yarinyar ta ɗaga mini hannu, ta dire daga cinyar kakanta, ta ruga wajen uwarta da gudu, lafiyarta ƙalau.