Gwangwani Biyu Kafin Hawan Kibo

Ban taɓa mantawa da ranar da na karɓe makullin mota daga hannun mutumin da ya koya mini tuƙi ba. Wata Talata ce cikin damina, ina shekara ta shida da zama sakataren reshenmu, a tashar da ke bayan Terminus inda muke lodin Akwanga da Abuja.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, kowane reshe yana da ciyaman, da sakatare, da 'yan kamasho masu kiran fasinja. Direba yakan rubuta lambar motarsa a allo tun da safe, ya bi layi. In mota ta cika, ni ne zan duba takardar sunayen fasinja, in leƙa taya da fitila, in sa hannu, sannan a buɗe masa ƙofa. In na ga alamar maye a jikin direba, dokarmu ta ba ni ikon riƙe makulli, in sa sunansa a littafin laifi. Wanda aka rubuta wa maye, wata uku ba zai yi lodi ba, kuma ko ya dawo, sunan ba ya barin bakin mutane. Na sha yi wa samari haka, ban taɓa jin ɗar ba.

Alhaji Mamuda kuwa ba saurayi ba ne. Ya haura sittin da biyar, ko goro ba ya ci, shi ke jan mu sallah in liman bai zo ba. A hannunsa na fara riƙe sitiyari, a wani fili kusa da tsofaffin ramukan kuza na Naraguta. Baba nake ce masa.

Ran nan an kwana ana ruwa, fasinja suka yi nauyin fitowa. Motar Alhaji, bas mai cin mutum goma sha huɗu, ta saba tashi ƙarfe takwas, amma har wajen tara saura mutum biyu. Na zagaya in duba ta, sai na tarar da shi tsugune gaban tayar gaba.

Na ce, “Baba, iska ce ta ragu?”

Ya ce, “A'a. Sani, wannan tayar, ta duk inda ka kalle ta zagaye take.”

Na ce haka ne.

“Shekara arba'in ina tuƙi, ban taɓa lura ba.”

Na ɗauka raha ce, duk da ba halinsa ba ne. Daga nan ya kira mai sayar da masa ya ci guda takwas, mutumin da uku ke isarsa. Ɗan kamasho ya ɗaga murya ya ce Akwanga mutum biyu, sai Alhaji ya maimaita “Akwanga” a hankali, ya yi ta dariya har da hawaye. Na matsa kusa da shi kamar zan gaya masa wani abu a kunne. Ba warin giya, ba warin hayaƙi. Idonsa dai ya yi ja.

Mota ta cika. Ya taka zuwa mazauninsa kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu, ya zauna, ya sa makulli. Sai ya juyo ya ce, “Tun yaushe nake zaune a nan?”

Ko minti ɗaya bai yi ba.

Takarda tana hannuna, biro yana hannuna. Da zan sa hannu, ba wanda zai tambaye ni dalili, domin ba wanda ya taɓa zargin Alhaji Mamuda da komai. Sai na miƙa hannu ta taga na zare makullin.

Ya dube ni ya ce, “Ni ka karɓe wa makulli, Sani?”

Na ce, “Ka gafarce ni, Baba.”

Fasinja suka fara guna-guni. Ciyaman ya taso daga ofis, ya ja ni gefe ya ce, “Ka san wanda ka tsayar kuwa? In ba ka da hujja, yau kujerarka za ka bari.” Ni kuwa ba ni da wata hujja sai taya da masa.

Sai wata mata da ke kujerar gaba ta buɗe ƙofa ta sauko. Madam Rifkatu sunanta, 'yar Bukuru, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, za ta Akwanga duba 'yarta. Ta ce, “Oga sakatare, kar ka mayar masa. Tun ɗazu ina kallon shi.” Ta zagaya wurin Alhaji, ta sa shi ya ɗaga hannuwansa biyu, ya yi murmushi, ya faɗi sunansa, don ta ga ko shanyewar ɓarin jiki ce. Duk ya yi daidai. Sai ta ce, “Baba, tun safe me ka ci, me ka sha?”

Ya lissafa: maganin hawan jini, shayi da biredi, masa, sai lemo.

“Wane lemo?”

Ya laluba ƙarƙashin kujera ya fito da gwangwani biyu da ba komai ciki, masu kyau, da hoton lemun tsami da wani ɗan ganye a jiki. Madam ta sa tabarau ta karanta, ta juya baya ta sake karantawa.

Ta ce, “Wannan ba lemo kaɗai ba ne. Akwai sinadarin wiwi a ciki.”

Alhaji ya ce, “Ai wiwi hayaƙi ne.”

Ta ce a wasu ƙasashe yanzu ana tatso shi daga wani nau'in ganyen, a zuba a abin sha, a sayar wa manya a shago. Da ƙyar muka haɗa labarin daga bakinsa. Jiya wani bawan Allah da ya dawo daga Amurka ya ɗauke shi shata, ya kwaso masa kaya daga filin jirgi. Da suka sauke, sai ya ba shi gwangwani shida ya ce za su kwantar masa da gajiya. Yau ƙarfe bakwai da rabi ya sha ɗaya, ya ji daɗinsa, bai ji komai a jikinsa ba. Bayan rabin awa ya ƙara.

Madam ta fassara mana rubutun da ke bayan gwangwanin. An ce kada wanda ya sha ya yi tuƙi, kada a bari yara su taɓa, kuma wanda bai saba ba ya fara da kaɗan ya jira. Ta ce abin da aka sha ba ya hawa kai nan take, yakan ɗauki lokaci, shi ya sa mutum ke ƙarawa yana ganin bai yi ba, kuma in ya hau, awanni yake yi kafin ya sauka.

Na yi lissafi a raina. Da motar ta cika ƙarfe takwas kamar kullum, da lafiya lau zan gan shi, in sa hannu, kuma daidai wannan lokacin da yana gangarar Hawan Kibo. Duk wanda ya bi hanyar ya san wurin: gangara mai kwana bayan kwana, inda manyan motoci ke rasa birki.

Sai Madam ta ce, “Shida aka ba ka. Sauran huɗun fa?”

Ya ce, “Suna firij a gida. Na ajiye wa jikoki in sun taso makaranta.”

Ciyaman, wanda har lokacin yake huci a kaina, ya ciro waya ya kira Hajiya matar Alhaji. Ta ce duk huɗun suna nan. Autar jikokin, 'yar shekara huɗu, ta roƙa har sau biyu, ita ce ta ce ta bari yayyenta su dawo a raba. Ciyaman ya ce ta kulle su a akwati, ta rataya makullin a wuyanta.

Jin haka dariyar Alhaji ta ɗauke. Ya dafe ƙirji ya ce zuciyarsa za ta fito, ya kama hannuna ya fara yi mini wasiyya. Madam ta taɓa jijiyar hannunsa ta ce da shekarunsa, ga maganin hawan jini a jiki, ba za a zuba masa ido ba, asibiti za a je yanzu, a tafi da gwangwanin likita ya gani. Wani ya kawo shawarar nescafe mai kauri, ta ce ruwa kawai. Aka juye fasinja a motar da ke bin layi, ita kuwa ta sauke jakarta ta bi mu. Ta fasa tafiyarta saboda mutumin da ba ta san shi ba. Likita ya riƙe shi har bayan la'asar, sannan ya sallame shi.

Sauran gwangwanayen mun miƙa su ga jami'an hana shan ƙwaya, domin a ƙasar nan abin haramun ne ko a wane mazubi ya zo. Na kira mai kyautar. Ya ce ya ɗauka Alhaji ya karanta. Na ce masa Alhaji da ajami yake karatu.

Sai maganar littafi. Ni na ce ba za a rubuta maye ba, tunda bai sani ba. Ciyaman ma haka yake so. Amma ranar Lahadi, a taron direbobi, Alhaji ya miƙe da gwangwanin da ya shanye a hannu ya ba da labarin da bakinsa, har da taya, har da masa. Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Ya ce, “Ban san abin da na sha ba, amma ni na sha, ban tambaya ba. Da ɗaya daga cikin samarin nan ne ya ce bai sani ba, za ku yarda?”

Ya ce to a rubuta shi. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan dakatarwar mako biyu, na rubuta sunansa da hannuna.

Tambayar nan ita ta hana ni sukuni. Shekara guda kafin haka na dakatar da wani matashin direba, Bitrus, wanda ya yi ta rantsuwa cewa maganin mura ya sha daga kemis, shi ya sa shi tangaɗi. Ban ko nemi ganin kwalbar ba. Bayan taron na neme shi, na same shi a Bukuru yana jan tifa. Na ce masa watakila na zalunce shi. Ya goge hannunsa ya ce, “Oga, tsayar da ni ka yi daidai, ba zan iya tuƙi ba ran nan. Sunan da ka rubuta mini ne ya kore ni.”

Abin da na koya ke nan, ku da kuka shigo aikin bayana. Hanci ba ya kama komai yanzu, don abin da ke juya kai yana zuwa a gwangwani mai sanyi da a kwalbar magani, kuma ba ya duba furfura. In kun ga direba ba daidai ba, ku riƙe makulli ko na mahaifinku ne. Amma kafin ku buɗe littafi, ku tambaye shi me ya sha, ku ce ya kawo mazubin, a nemo mai karantawa. Makulli ana mayarwa gobe. Abin da biro ya rubuta a kan mutum kuwa, har Bukuru yake bin sa.