Ƙwarya Mai Ɗinki Uku

A shekarar da fari ya koro mutanen daji zuwa bakin Agadas, ina aji biyu a kolej. Wata Litinin mushen Ingilishi, wato malaminmu, ya rubuta kalma a allo: old-fashioned. Ya ce ana faɗinta ga abin da zamani ya wuce amma wasu ba su sake shi ba. Don mu gane, ya zana tasa a dama, ƙwarya a hagu, ya ɗora sandarsa kan ƙwaryar.

Wadda ke zama bayana, 'yar wani mai manyan motoci, ta tsokane ni da biro. "Ke, ga taku can. Sai dai mushe ya manta ɗinkin."

Aji ya kwashe da dariya. Na kafa ido kan wata ƙusa da ta fito a teburina.

Ta san ƙwaryar. Kowace Talata bayan an tashi, sojoji na rabon jar dawa a filin da ke gaban lakwal, wato makarantarmu, kuma ni Inna ke aikawa. Ƙwaryarta babba ce, ta yi baƙi, an ɗinke ta wuri uku.

Washegari na ɓoye ta bayan randa, na ɗauki tasa. A ranar na lura sojan da ke rabo ba ya awo. Abin da ka miƙa zai cika, ya share bakin abin da sanda, ya kira na gaba.

Inna ta dubi tasar, ta dube ni.

"Ina ƙwaryar?"

"Inna, ai tsohon yayi ce."

"To, 'yar lakwal. Mu gani ko sabon yayi zai kai mu Talata."

Bai kai ba. Ran Lahadi aka daka ta ƙarshe. Litinin Inna ta raba mana ɗan kunun da ya rage, ni da ƙannena, ta ce ita ba ta jin yunwa. Na ga ta ƙara ɗaure zaninta.

Talata na ɗora ƙwaryar a ka. Ina tsakiyar layi 'yan ajinmu suka zo wucewa. Wanda ya fita daga layi ba ya komawa, wani soja mai bulala na kallo. Na ji kalmar daga jikin katanga, an faɗe ta daidai yadda mushe ya koya mana, sau biyu.

Da aka zo kaina na miƙa ƙwaryar da hannu biyu, ɗinkin yana wajen cikina.