Lomar da Malsun ta jefa wa teku

Duk wanda ke bin mashigin tsibiran da ke kudu da tsibirin Wando ya san Malsun, in bai taɓa ganinta ba to ya ji tarin injinta. Gajeriyar mata ce mai baki, kuma tun tana budurwa hannunta ke cikin ruwan gishiri, tana noman ganyen teku a jikin igiyoyi. Da teku ta ci mijinta, mazan tsibirin suka zo da fuskar tausayi suna taya kwale-kwalensa, wai mace a cikin jirgi ba alheri ba ce. Ta ba su shayi suka sha, ta raka su bakin ƙofa, washegari ita ta tayar da injin. Da jirgin nan ta ciyar da 'yarta tilo Hyeran, kuma yarinyar ce ke riƙe mata sitiyari duk sa'ad da take jan igiya.

Amma Hyeran ba ta yafe wa ruwan da ya ɗauke mata uba ba. Tana gama makaranta ta tsere birnin Gwangju, ta yi aure, ta haifi Dasom da ƙaninta Jihan. Sukan zo gaisuwa a babban jirgin fasinja, iyakarsu gida da tsakar gida. Ko bakin gaɓa yaran suka nufa sai uwarsu ta daka musu tsawa. Abin yana cin Malsun a rai ƙwarai: a ce jikokinta ba su san ƙamshin jirginta ba, ba su taɓa ganin ɗan tsibirin da aka yanke mata cibi ba. Ta yi roƙo, ta yi gori, ta yi fushi, duk a banza.

Sai shekarar da ta cika saba'in. Aka tambaye ta me take so, ta ce ba ta son walima, a ba ta aron jikokinta yini guda. Hyeran ta yarda da ƙyar, da sharaɗin cewa ko ƙafar yaro ce ta jiƙe, to an yi na farko an yi na ƙarshe.

Ranar kuwa teku ta kwanta lumui. Aka ɗaure yara cikin rigunan hana nutsewa har wuya, mijin Hyeran, Taegon, ya rungume kwandon abinci, ga kuma Kongi, ɗan farin karen Dasom, wanda a birni har riga ake sa masa. Tsohuwar kyanwar Malsun, wadda ta girma a cikin jirgin, ta yi masa kallo ɗaya ta haye kan tulin igiya. Hyeran ta zauna a tsakiya, hannu ɗaya a wuyan rigar kowane yaro, ba ta kallon hagu ba ta kallon dama.

Malsun kam bakinta ya ƙi rufuwa. Ta nuna musu dutsen tsuntsaye, ta nuna musu gonarta da ke yawo a kan ruwa, ta ce wa Jihan ya ɗaga wa kowane jirgi hannu don a san nata ne. Da rana ta take, sai ta kashe inji a bayan wani tsibiri mai itatuwa, aka buɗe kwando: shinkafa naɗe a ganyen teku, soyayyen kifi, da kabeji mai yaji.

To, mutanen wurin ba sa cin abinci a kan ruwa sai sun ba teku rabonta. Malsun ba ta ma san hannunta ya yi ba. Ta gutsuro kifi, ta ce "Gosure" kamar yadda uwarta ke faɗi, ta wurga can nesa. Shi kuwa Kongi, a iya saninsa, duk abin da aka jefa a duniyar nan shi aka jefa wa. Ya fizge igiyarsa daga hannun Dasom, sai ji aka yi tsundum.

Dasom ta ƙwalla ƙara ta yunƙura za ta bi shi, ubanta ya cafke ta. A wannan mashigin ruwa yana da ja, kafin a ce me, farin kan Kongi ya fara nisa. Malsun ta zabura. Ta tayar da inji, amma aikin na mutum biyu ne, ɗaya a sitiyari ɗaya da koma mai doguwar ƙota, Taegon kuwa bai san gaban jirgi da bayansa ba.

"Umma, matsa," in ji Hyeran.

Ta miƙa Jihan ga mijinta, ta karɓi sitiyarin. Ba ta bi karen kai tsaye ba, ta zagaya ta tare shi ta ƙasan ruwa yadda aka koya mata tun tana 'yar firamare, ta rage wuta daidai lokacin da ya kamata. Malsun ta zura koma ta kwaso Kongi tamkar kifi, ta juye shi a ƙasan jirgi. Ya yi tari, ya girgiza jiki ya jiƙa kowa, ya kuma soma shinshinar kwando. Dasom ta rungume shi tana kuka tana dariya.

Malsun ta zauna a kan tulin igiya. Kare dai ya tsira, amma ta san ta rasa jikokinta, kuma da hannunta ta jawo. Ga yara sharkaf, ga 'yarta ta kafe ido a kan ruwa.

"Maman Dasom," ta ce a hankali, "laifina ne. Juya mu gida."

"Wane gida? Ba tsibirinku kika ce za ki nuna musu ba?" Hyeran ta ƙara wuta, injin ya yi tarinsa, ta yatsina fuska. "Kai, Umma, har yanzu wannan tsohon kike fama da shi? Sitiyarin ma ja yake yi hagu. Ki sa a duba shi kafin hutun baɗi, ni ba zan ɗora 'ya'yana a kansa haka ba."

Sai Malsun ta gane ashe baɗi ma za a dawo mata da jikokinta. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Ta jawo Jihan ta ɗora a cinya, ta shiga goge masa kai da gefen rigarta, ta bar 'yarta ta tuƙa su.