Kukan Jirgin Fatakwal

Shekarar da aka buɗe firamare kyauta, malamai suka yi ƙaranci, aka kwashe mu da muka gama sakandare aka ba mu alli. Ni aji biyar na samu a Kafanchan, bayan kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Wata uku da farawa sufeton makarantu ya zo tantance mu. Da safen nan ya sallami malamar ajin da ke kusa da nawa, na ga wucewarta ta taga tana share ido da gefen ɗankwali.

Ya shigo ya zauna a bencin baya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ina cikin karatu ya ɗaga biro.

"Malama, littafin ya ce hear a sama, ya ce listen a ƙasa. Bambanta wa yaran nan. Kuma ban da Hausa."

Da Hausa ai da na ce ji da saurare, shi ke nan. Allin ya karye a hannuna. Yara sittin sun zuba mini ido, aikina yana bakin biron mutumin nan.

Sai jirgi ya yi kuka daga tasha, kamar yadda yake yi kullum ba mai kulawa. Ni kuwa uwata na tuna. Babana direban jirgi ne, kuma ko daka take yi, in aka yi wannan kukan sai ta tsayar da taɓarya.

Da Turancina mai rawa na tambaya wa ya ji. Duk hannuwa suka tashi. Na ce to, wane jirgi ne? Hannuwa suka sauka ɗaya bayan ɗaya, sai na wata yarinya da mamarta ke sayar da doya a tasha.

"Na Fatakwal ne, Malama. Shi yana ja dogo sau biyu. Ya yi latti ma."

Ajin ya fashe da dariya. Na nuna su duka na rubuta hear a allo. Na nuna ta ita kaɗai na rubuta listen. Na ce kunne duk muna da shi, amma ita abincin gidansu ne ke cikin kukan nan, shi ya sa take jiransa.

Sufeto ya duba agogonsa. "Lallai ya yi latti," in ji shi. Ya yi rubutu, a bakin ƙofa ya ce wa hedimasta, "Wannan ku riƙe ta."

Sai da ya tafi na zauna a kan tebur.

Da yamma na ba Mama labari. Ta ce, "Turancin ke nan? Ashe shekara ashirin ina yinsa ban sani ba." Ranar Lahadi kuwa ba matar da ta bari a zumuntar mata ta coci ba ta gaya wa ba.