Wasan da Kawu Ya Tsara a Saman Benen Kaka

Jiya na ja labulen falo, zobbansa suka yi ƙara a kan ƙarfe, sai na tsaya riƙe da bakinsa na kasa saki. Irin wannan ƙarar ce take buɗe mana wasa a saman benen Kaka a unguwar Madain Fahd da ke Jidda, lokacin muna yara. Zan ba ku labarin bi da bi, don ba na son a fara magana daga tsakiya.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, autan Kaka. Sana'arsa ɗinkin kujerun majalisa, wato na ɗakin baƙi, amma zuciyarsa tana wajen wasan kwaikwayo. Ya fara ne a dandalin makarantar maza, yana jan labule yana kallon yadda malami ke jera 'yan wasa. Da ya girma sai ya tara mu, 'ya'yan dangi, ya mai da saman bene dandalinsa. Ya ɗaura waya daga tankin ruwa zuwa bango, ya rataya ragowar yadin kujera. Idan la'asar ta yi, zafin nan mai ɗanko ya fara sauka, iskar teku ta taso, sai mu hau.

Yana da tsari, kuma a wajensa na koyi nawa. Da farko a share wuri. Sannan kowa ya tsaya a kan alamar allinsa. Sai an gama wannan ake buɗe baki. Wanda ya sako Larabci a tsakiyar magana, a koma baya a sake. Mu kuwa haihuwar Jidda ne, harshenmu ya fi saurin zamewa can.

Kaka ba ta taɓa hawa ta kalla ba. A ganinta namiji mai gemu ba ya tara yara yana koya musu ƙarya. Wata shekara ana cikin azumi ta kira shi a gabanmu.

"Kai, bayan Sallah ka kwashe mini tarkacen nan. Halas, magana ta ƙare. Wurin shanya nake so."

Gidan nata ne, kuma ba shi da wani wurin. Idan ya sauke labulen, wasa ya ƙare. Sai ya yanke shawarar shirya wanda zai sa ta sake tunani: labarin tafiyarta daga ƙasar Hausa zuwa aikin hajji, a ƙasa, ita da marigayi Kakanmu namiji. Daga bakin marigayin ya ji labarin, don ita ba ta bayarwa. A nan muka fara sanin cewa tana da ɗan fari da ta bari a can. Surukanta suka riƙe shi bai daɗe da yaye ba, wai don iyayen su dawo. Ba su koma ba. Bayan shekaru wasu alhazai suka kawo labarin rasuwarsa.

Ni aka ba matsayin Kaka, saboda na fi sauran Hausa. Ƙaramin ɗan yayar mahaifiyata shi ne yaron. Kawu ya tsara rabuwar yadda dukanmu muka san rabuwa, yadda muke gani a filin jirgi da talabijin: in durƙusa in rungume shi, in sumbaci goshinsa, in kira sunansa ina kuka, a ɓamɓare shi daga jikina. Na iya abin sosai. Har hawaye na gaske nake yi, ina jin kaina.

Ana saura kaɗan Sallah, muna tsakiyar wannan wurin, sai ga Kaka ta hau ɗaukar kuɓewar da ta shanya. Ta tsaya da faifai a hannu har na gama kukana.

"Wace ce wannan?" ta tambaya.

Kawu ya ce, "Ke ce, Inna."

"Ni? Ni ce zan kama ɗan fari ina lashe masa goshi a gaban uwar mijina? Har da kiran suna? Wa ya gaya maka haka aka yi?"

Mu ba mu san cewa a can uwa tana jin kunyar ɗanta na fari ba, ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna shi a gaban mutane. Kawu ya sani a ka, amma bai taɓa kawo shi cikin wannan rabuwar ba.

Ta ajiye faifan. Ta karɓi ƙunshin kayan tafiya na wasan daga hannuna, ta tsuguna ta ba yaron baya. Ta ɗaure bakin ƙunshin. Ta kwance. Ta sake ɗaurewa, alhali ɗaurin farko ba abin da ya same shi. Yaron bai san abin yi ba, sai ya matso ya riƙe gefen zanenta. Hannunta ya tsaya cak a kan ƙullin. Ba ta waiwaya ba. Ta ce da yarinyar da ke matsayin suruka, da murya kamar mai maganar cefane:

"Ku kama yaron nan, zai ɓata mini kaya."

Ta aza ƙunshin a ka, ta miƙe, ta nufi ƙofar matakala. Muna jira ta juyo ta ce mun gani. Ba ta juyo ba. Muka ji saukarta har ƙasa, da ƙunshinmu a kanta, kuɓewarta tana nan inda ta bar ta.

Kawu ya daɗe yana kallon alamar allin da ta taka. Sannan ya goge ta da ƙafa, ya zana mini sabuwa, mai kallon bango.

Ran Sallah da yamma dangi da maƙwabta suka cika benen. Na yi yadda ta yi. Ya fi kuka wuya nesa, don duk jikina so yake in waiwaya. 'Yan mata sa'o'ina suna raɗa da Larabci, wai wace irin uwa ce wannan. Amma tsofaffin da ke gaba, waɗanda suka biyo hanyar Sudan suka hau jirgin ruwa, ɗaya bayan ɗaya suka ja mayafi suka rufe fuska. Kaka tana can baya kusa da ƙofa. Ba ta tafa ba.

Washegari Kawu ya hau da tsani zai kwance waya, tunda wa'adi ya cika. Ta leƙo daga ƙasa.

"Me kake yi? Sauko da labulen kawai a wanke. Mutane sun gan shi da datti, abin kunya."

Aka wanke, aka mayar. Daga wannan benen ya wuce zuwa zaurukan biki, sannan makarantu suka riƙa kiransa ya shirya musu wasan ƙarshen shekara. Sunansa bai taɓa fita a jarida ba. Amma kafin ya tsara kowane wasa na mutanenmu, sai ya zauna gaban wata tsohuwa ya tambaye ta, ya yi shiru ya saurara.

Yanzu yana unguwar Safa a nan Jidda wajen ɗansa, a gidan haya mai lif, saman benen a kulle, cike da na'urorin sanyi. An buɗe manyan dandali a Jidda, masu fitilu da kujeru masu laushi, mata da maza suna wasa a fili. Jikokina suna jin Hausa, su amsa da Larabci. Kwanan baya na ce masa ga lokacinsa ya zo, ya tara yara ya sake shirya wasan tafiyar, tunda babu mai hanawa.

Ya girgiza kai.

"Babu mai hanawa," ya ce. "Kuma in na yi kuskure, babu sauran wadda za ta hau bene ta ce mini ba haka aka yi ba."