Sule Biyu a Rana

Shekarar da gulbi ya cika ya cinye mana dawar fadama, ban cika shekara da aure ba. Ƙauyenmu yana ƙasar Goronyo, gefen Kagara. Geron da muka samu a tudu, yayana ya auna shi da ido ya ce in an yi tattali zai kai mu bazara, amma kada wanda ya yi maganar haraji. Mu biyu ne maza a gidan. Ga innarmu, ga iyalinsa, ga matata da ciki.

Ana cikin haka wani mutumin Wurno ya zo kasuwar Goronyo yana ɗibar leburori. Heluma ne, wato shugaban leburori, na wani ɗan kwangila mai saran katako a kurmin Gwanja, bayan Kumasi. Ya ce aikin wata shida ne, sule biyu a rana, kuma mota za ta kai mu. Ni da na saba yin wuni guda ina ban ruwan albasar wani a ba ni taro, wato kwabo uku, sai na ji kaina ya yi zafi.

Da la'asar muka zauna da yayana gindin rumbu, muka yi lissafi da ƙwayar wake. Ya kama fam goma sha biyar. Muka ware biyar na ci, goma suka rage. Haraji, jaki, rigar Inna, ragon suna, duk muka saye su a nan ƙasa. Matata tana daka kusa da mu, ta tsai da taɓarya ta ce, "To mudun gero nawa na can?" Yayana ya yi dariya, ni ma na yi, don ba wanda ya sani.

Na dangwala yatsa a takarda. Kwana tara muka yi a hanya, mu goma sha huɗu a bayan mota tare da buhunan busasshen kifi.

Abin da ya fara tsorata ni a kurmi ba girman itatuwa ba ne, ko da yake akwai wanda mutum shida ba su zagaye shi da hannu. A'a, ganin ana sayar da wurin kwana ne. Ɗakin kwano guda, mu biyar, kowa da abin da yake biya duk wata. A gida wa ya taɓa biyan kuɗin inuwa? Gero kuwa sai ka tafi zangon Hausawa, kuma kuɗin mudu guda ya kusa na wunin aikina. Sai rogo, sai gwaza, sai ayabar da ake dafawa. Manja, gishiri, barkono, sabulu, kananzir, kowanne da bakinsa a buɗe.

Ranar biyan farko na tsaya gaban teburin akawu. Ya cire kuɗin motar da aka ce za ta kai mu. Ya cire na gatari da adda. Kwanaki huɗu da ruwan sama ya hana fita, su ma babu. Abin da ya zuba mini a tafi, na koma gefe na ƙirga sau uku ko zai ƙaru. Na je wurin heluma na yi magana, ya ce, "Mota nic ce za ta kai ku, ban ce kyauta ba."

Daga ranar na shiga yaƙi da cikina. Da safe garin rogo jiƙe da gishiri, da rana kuma shi, da yamma gwaza biyu. Ina sara ina lissafi. Ina sallah ma, Allah Ya gafarta mini, sai in tsinci kaina ina raba sule.

A ɗakinmu akwai wani dattijo mutumin Rara, ta ƙasar Rabah. Shi ke wasa mana gatura, don ƙarfin sara ya fara barinsa. Baba muke ce masa. Ya yi kwanaki yana kallona, ran nan ya turo mini kwanonsa na dafaffen wake ya ce, "Ɗana, mi kaka yi haka? Jikin ga shi na jarinka. In yak karye, akawu ba ya rubuta maka ko anini."

Na ce, "Baba, na ƙoshi."

Ban ƙoshi ba. A wata na uku muna mirgina gungume sai na ga dajin ya juya, na faɗi. Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana goma sha ɗaya. Ba ciwon ya fi damuna ba, sai jin ƙarar gatura daga nesa, ina kwance ina sanin kowace rana sule biyu na wuce ni, ga na magani ana zara daga ɗan abin da na ƙulle a ɗamara. Baba ne ya yi jinyata. Ya je har zango ya sayo gero da kuɗinsa, ya dama mini kunu. Ina sha hawaye na zuba cikin ƙoƙon.

Da na fara zama, na tambaye shi ko wata nawa suka rage masa. Ya daɗe yana goga gatari a dutse kafin ya ce, "Wata shida niz zo yi, awa kai. Bana shekara ta takwas."

Ya ce karon farko abin da ya tara bai kai abin da ya faɗa wa mutanen gida ba, sai ya ji kunya ya sake dangwala yatsa. Na biyu ciwo ya cinye. Na uku komai ya yi tsada. Daga nan ya bar aikawa da saƙo, don ba ya da abin faɗi. Ya baro ɗiya tana tatata.

Ranar na rasa inda zan sa kaina. Ina kallon furfurarsa ina ganin tawa.

Na koma aiki, muka haɗa tukunya mu biyar kamar yadda Baba ya daɗe yana faɗi, aka sami sauƙi kaɗan. Da wata shida suka cika, fam huɗu da 'yan sulalla ne a ɗamarata, kuma kuɗin komawa a wuyana yake. Heluma ya kira ni ya ce, "Da wanga za ka shiga Goronyo? Ƙara wata shida, ka tahi da mutunci." Wallahi har na ɗaga hannu. Takardar tana gabana, tawada tana gabana. Sai Baba, da ya biyo ni ban sani ba, ya riƙe mini gwiwar hannu ya ce, "Damina ta kusa. Tahi ka yi shuka."

Ranar tafiya ya ba ni turmin atamfa guda da sule goma ƙulle a tsumma, ya ce in kai wa ɗiyarsa. Na ce ya zo mu tafi tare, zan biya rabin motarsa. Ya ce baɗi in Allah Ya so.

Fam uku na shiga gida da su. Na iske matata ta haifi mace, an yi suna da akuyar Inna. Muka biya haraji, na sayi damman gero da abin da ya saura. Ba a yi maganar jaki ba.

Bayan shukar fari na taka zuwa Rara. Aka nuna mini gidan, zana duk ta kwanta. Wata tsohuwa ta fito, ƙanwar mahaifinsa ce, ita ke riƙon yarinyar. Da na faɗi daga inda nake, sai ta zauna a ƙasa ta ce, "Shina da rai?" Na ce yana nan lafiya, yana gaishe su. Yarinyar ta karɓi atamfar ta rungume, ba ta buɗe ba.

Tsohuwa ta ce, "Yaushe za shi zo?"

Na ce ya ce baɗi. Ta kawo mini fura na sha, ta yi ta tambayata abin da yake ci a can, da ko yana da bargo. Ban bar gidan ba sai da rana ta karkata.