Hannun Hagun Feliks Burda

Feliks Burda ɗan mahauci ne a wani ƙaramin gari kusa da birnin Radom. Tun yana ƙarami yake zana dawakai da gawayi a bangon rumfar ubansa, uban kuwa duk ranar da ya kama shi sai ya jibge shi har ya fitar masa da jini. Da ya tasa ya gudu birnin Kraków, ya koyi sassaƙa hoto a allon katako, a shafa tawada a buga a takarda. Ya dawo ya auri Rozalia, yana ci da zanen allunan shaguna.

Da sojojin Jamus suka mamaye garin, Feliks ya sassaƙa hoton kwamandansu da kan alade. Ranar kasuwa aka wayi gari hoton na manne a kowane bango.

Kafin rana ta take sojoji suka tara maza a filin kasuwa. Kwamandan ya tambaya ta bakin tafinta ko aikin wane ne. Kowa ya yi tsit, Feliks ma ya sunkuyar da kai. Sai kwamandan ya jawo Walenty mai gasa burodi ya harbe shi a ka. Jinin ya fantsama har kan takalman Feliks. Kwamandan ya kamo wuyan na kusa da shi.

"Ni ne," in ji Feliks.

"Da wane hannu?"

Ya ɗaga na dama. Suka danne hannun a bakin rijiya, suka yi ta dukansa da gindin bindiga har yatsun suka farfashe, sannan suka jefa shi mota zuwa sansanin fursunoni.

Bayan yaƙi ya dawo ba haƙoran gaba, hannun ya ƙandare. Ya yi wata da watanni zaune a bakin murhu, har Rozalia ta gaji ta dangwara masa wuƙar sassaƙa.

"Hagun fa, maigida? Ajiyar wa kake yi da shi?"

Ya sha yankewa da wuƙar kafin hannun hagun ya saba.

Ranar da aka fara baje hotunansa a ɗakin taron garin, Czesława, matar marigayi Walenty, ta shigo da dogon katakon zaro burodi. Ta farfasa gilasan hotunan, ta juyo ta kwaɗa masa a goshi.

"Matsoracin banza. Da ka buɗe baki tun tambayar farko, da mijina na nan."

"Haka ne, baiwar Allah," ya ce, jini na shiga masa ido.

Da ɗan sanda ya zo, Feliks ya ce a matakala ya faɗi. Czesława har ta mutu ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Ya ƙare rayuwarsa yana koyar da zane a makarantar sana'a, malami mai zafin rai wanda ɗalibai ke shakka. Ciwon huhu ne ya kashe shi, a shekarar 1977.